Carbi a Bakin Garke

Akwai wani kundi mai baƙin bango a ƙasan akwatin ƙarfen da ke ɗakina. Duk kun san shi, domin kowannenku ya taɓa zaro shi yana neman takardar haihuwarsa, ya mayar ba tare da ya buɗe ba. Ban ga laifinku ba, waɗanda ake biya albashi don su karanta shi ma ba su karanta ba. Shi ne aikin binciken da na rubuta a shekarata ta ƙarshe a jami'a, kuma shi ne dalilin da ya sa kuka tashi ba ku san hanyar rugar kawuna ba sai da kuka yi wayo. Mahaifiyarku takan ce muku wai nisa ne da rashin mota. Rufa mini asiri take yi. Daga Kafin Dafga zuwa bayan Jajaye mai keke ma yana zuwa ya dawo a yini guda, kuma na yi mota tun kafin a haifi na biyunku.

Mahaifina manomin gyaɗa ne da dawa, iyayensa da kakanninsa duk a Kafin Dafga aka binne su. Inna kuwa Bafulatana ce, daga wata ruga da ke bayan Jajaye ta ƙasar Rogo, kuma yayanta Kawu Sambo shi ne mai rugar. Duk hutun makaranta can ake tura ni. A can na koyi Fulatancin da nake yi muku faɗa da shi in raina ya ɓaci. Ranar sunana Kawu ya ba ni karsana, kamar yadda suke yi wa ɗan 'yar'uwa, aka bar ta a cikin garkensa tana haihuwa. Lokacin da na shiga jami'a ita ta mutu, sai jikanyarta, wata fara mai baƙin kunne da ake kira Wule. Sunana Isiyaku, amma Kawu bai taɓa faɗarsa duka ba. Yaku yake ce mini, kuma shi kaɗai ne a duniya ke kirana haka.

Jami'ar a birnin Kano take, kuma ni ne na farko da ya je ta daga unguwarmu. Ɗakin da aka ba mu na mutum huɗu ne, amma mu bakwai ke kwana, domin kowa yana da wani ɗan garinsu da bai samu gado ba. Shekararmu ta farko mun ci daɗi. Akwai tikitin abinci, ka je kafteriya ka miƙa faranti a zuba maka shinkafa da nama, ranar Lahadi har da kaza. Mu 'yan ƙauye mun ɗauka haka duniyar boko take har ƙarshenta. Daga baya aka soke tikitin, kowa ya nemi risho da tukunya, barandar ɗakunan kwana ta koma warin kananzir da wake. A nan ne darajata ta tashi, saboda duk wata sai Kawu ya aiko mini da man shanu a kwalba ta hannun wani direban motar Rogo. Mutumin da ke da man shanu a ɗakin da ake cin garin kwaki da ƙuli ba ya rasa abokai. Wanda ya fi kowa kusa da ni da kwalbar shi ne Nasiru, ɗan cikin birni, mai gadon da ke sama da nawa. Gidansu bai fi tafiyar bas ɗaya ba, amma ya fi son zaman makaranta, ya ce a gida ana aikensa.

Karatun kansa ba shi da wani asiri. Ka yi sammako ka aza littafi a kujerar gaba kafin zauren ya cika, ka rubuta duk abin da malami ya faɗa har da tarinsa, ka mayar masa da shi ranar jarrabawa. A laburare, littafin da kowa ke nema kullum wani ya ɓoye shi a cikin littattafan wani fanni, in kuma ka same shi ka tarar an yage shafin da ka zo dominsa. Labarin ƙasa na karanta. Ba don ina sonsa ba, nan aka ba ni gurbi. Amma na iya shi, kuma zuwa shekara ta uku na fara jin cewa na san abubuwan da mutanen gida ba su sani ba. In na je hutu na ji tsofaffi suna maganar damina, sai in riƙa gyara musu a zuci.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi bincike nasa na kansa ya rubuta kundi, in babu shi babu digiri. Aka haɗa ni da wani malami, Dokta Shehu, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba. Mutum ne mai gaskiya, ba ya sayar da takardun darasi, ba ya makara, ba ya dariya. Na je ofishinsa na ce ina so in rubuta a kan yadda gonaki ke cinye burtali da makiyaya a ƙasar Karaye da Rogo, da abin da hakan ke yi wa garken Fulani. Na zaɓi wannan ne don na ga gida ne, zan ci tuwon Inna in sha nonon ruga in dawo da kundi. Na fara ba shi labarin yadda Kawu ke zagaye mai nisa kafin ya kai mashaya, sai ya ɗaga hannu.

"Malam Isiyaku, kada ka kawo mini labari. Labari kakata ma tana da shi. Ka kawo mini lamba. Garke nawa, shanu nawa a kowane garke, bana nawa, shekara biyar baya nawa."

Na ce to. Muka tsara takardar tambayoyi, aka buga mini kwafi sittin a injin sashenmu, tawada tana kama hannu. Tambaya ta bakwai ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya, kuma gajeriya ce: shanu nawa gare ka?

Yanzu in na tuna ina mamakin kaina. Na tashi a ruga. Na san Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa, kamar yadda uwa ba ta tsayawa a tsakar gida ta ƙirga 'ya'yanta da yatsa. Wani ɓangare tsoron jangali ne, wanda aka soke ba da daɗewa ba amma bai fita daga jikin mutane ba. Babban ɓangaren kuwa shi ne sun yi imani dukiyar da aka sa wa lamba an nuna ta, abin da aka nuna kuma baki da ido suna samun hanya zuwa gare shi. Duk na san wannan tun ina bin maruƙa. Abin da shekara uku ta jami'a ta ƙara mini shi ne tunanin cewa in na yi musu bayani da kyau za su daina.

Na yi kwana goma ina yawo a kan keken mahaifina. Ko'ina aka karɓe ni hannu biyu, domin sun san ɗan wace ce ni. A shimfiɗa tabarma, a kawo fura, a gaisa har gaisuwa ta ƙare a sake sabuwa. Tambaya ta ɗaya zuwa ta shida kowa ya amsa, har da ƙari. Da na zo ta bakwai sai mai gida ya dubi nesa ya ce alhamdulillahi. In na matsa ya ce akwai dai 'yan abin shan nono. In na ƙara matsawa ya ce ai na Allah ne, shi jira kawai yake yi, sannan ya tambaye ni lafiyar Inna. Wani dattijo a kusa da Unguwar Hajji, wanda garkensa ya cika fili har ƙura ta rufe hanya, ya rantse mini cewa bai taɓa sanin yawansu ba, kuma na yarda da shi. Na bar rugar Kawu a ƙarshe, ina ganin nan kam ba sai na sha wahala ba. Muna zaune a gindin tsamiya bayan la'asar na zaro takardar na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe.

"Wa ke son ya sani?"

"Malaminmu ne, Kawu. Ba gwamnati ba ce. Karatu ne kawai, ba mai zuwa karɓar komai."

"Shi malamin naku yana da shanu?"

"Ba shi da su."

"To me zai yi da nawa?"

Na yi masa bayanin da na tanada, na burtali da makiyaya da yadda in an san yawan shanu za a san filin da suke bukata. Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Sannan ya ce, "Yaku, rubuta alhamdulillahi. In ya yi karatu zai gane." Ya tashi ya tafi kama maruƙa.

Dokta Shehu bai gane ba, ko kuma ya gane bai ga inda zai sa shi a jadawali ba. Ya bi takardun sittin ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ya zagaye gurbin tambaya ta bakwai a kowace, ya turo mini su. Ya ce saura mako shida a rufe karɓar kundi, kuma wanda bai kawo ba zai maimaita shekara. Bai faɗa da fushi ba. Maimaita shekara a wurina ba ƙaramin abu ba ne. Mahaifina ya riga ya gaya wa duk Kafin Dafga cewa bana zan gama, kuma an fara maganar aurena da mahaifiyarku a kan haka.

Na koma ɗaki, ban tarar da Nasiru ba. Aka ce yana gindin darbejiyar da ke bayan ɗakunan kwana. Can na same shi a kan benci da tulin takardu da biro uku, shuɗi da baƙi da ja. Nasa binciken a kan masu sayar da ruwa ne a unguwannin birni. Yana cika takarda ɗaya da shuɗi, ya ɗauki ta gaba ya cika da baƙi yana karkata hannu, wata ma ya goga mata ƙasa kaɗan don ta yi kamar ta sha yawo. Ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu uku a ɗaya bencin suna irin aikin. A makarantar kowa ya san wannan bishiyar, har ana cewa ta fi kowane malami yaye ɗalibai.

"Kai matsalarka ka ɗauki abin da zafi," in ji Nasiru. "Zauna nan in ara maka baƙin. Ka san mutanen, ka san garken. Wannan ka ba shi talatin, wancan hamsin da biyu. Kada dai ka riƙa sa lamba mai sifili a ƙarshe, Dokta yana ganewa."

"Ƙarya ce fa, Nasiru."

"To su da suka ce maka 'yan abin shan nono, gaskiya suka faɗa?"

Ban karɓi biron ba. Ina so ku san dalili, don kada wani ya ba ku labarin nan wata rana ya mai da ni waliyyi. Akwai tsoron Allah a ciki, amma bai kai rabi ba. Sauran girman kai ne. Ina ganin na fi 'yan gindin darbejiya, ina kuma son Dokta Shehu ya san haka. Sai na yanke cewa tunda ba za su faɗa ba, ni zan ƙirga da kaina.

Dabarar da na yi ban koye ta a aji ba. Mutum ba zai tsaya a gaban garke da takarda da biro ba, za a kore shi kafin ya kai goma. Amma ba mai kallon wanda ke zaune a gefen hanya da carbi a hannu. Na koma gida na ɗauki dogon carbin mahaifina mai ƙwaya casa'in da tara. Da hantsi, lokacin da ake sakin shanu bayan tatsa, sai in zauna kusa da inda burtali ya matse, inda dole su wuce ɗaya ɗaya ko biyu biyu. Kowace ta wuce in ja ƙwaya. In garken ya ƙare in riƙe wurin da babban yatsa, in shiga bayan wata bishiya in ƙirga in rubuta. Makiyaya suna wucewa suna yi mini sannu a hankali don kada su katse mini zikiri. Wata tsohuwa har ta ajiye mini ƙwaryar nono ta ce in sa ta a addu'a. Na sha nonon. A mako biyu na ƙirga garke ashirin da wani abu, kuma ban ji komai a raina ba sai daɗin aikin yana tafiya.

Dokta ya ce yana son garke ɗaya da za a yi bayaninsa filla-filla, shanu nawa, bijimai nawa, maruƙa nawa. Ba garken da na sani kamar na Kawu. Na kwana a rugar, da safe bayan an gama tatsa na zauna a kan wani kututture a bakin garke na fito da carbi. Kawu yana tsaye da sandarsa a kafaɗa yana kiran shanun suna fita. Ya waiwayo ya gan ni, fuskarsa ta saki.

"Madalla, Yaku. Ashe bokon bai cinye ka duka ba. Allah ya yi maka albarka."

Na amsa da amin, bakina yana motsi, yatsana yana jira. Suka fara wucewa. Na kai wajen talatin sai wata saniya ta tsaya a ƙofar tana sosa wuya a jikin itace, ta tare na bayanta. Ni ma na tsaya. Ta ɗauki lokaci tana susarta, yatsana yana kan ƙwaya ɗaya bai motsa ba. Da ta wuce na ja. Ban san Kawu yana kallon hannuna ba sai da na ƙarshe ta fita na ɗaga kai. Bai bi shanun ba. Ya tako ya tsaya a kaina, ya dubi carbin, ya dubi inda babban yatsana ya danne.

"Ban taɓa ganin mai zikirin da ke jiran saniya ta wuce kafin ya ambaci Allah ba."

Na ƙara danne ƙwayar da yatsana.

"Ka samu abin da ka zo nema?"

Na ce na samu. Ya ce, "To, Malam, a sauka lafiya." Ya juya ya bi garkensa. Bai ɗaga murya ba, bai karɓe carbin ba, bai ce kada in rubuta ba. Na shiga bayan bukka na ƙirga ƙwayoyin, arba'in da bakwai, na rubuta a takarda, na hau keke. A hanya na lura da kalmar da ya kira ni da ita, amma na ce a raina fushin kwana biyu ne.

Sauran aikin ya tafi yadda ake so. Na yi jadawali, na zana taswira, na kai wa wani mai tafireta a bakin ƙofar makaranta ya buga, aka yi masa baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Dokta Shehu ya duba jadawalin ya ce yanzu na yi aiki, kuma wannan ita ce kalma mafi daɗi da na taɓa ji daga bakinsa. Ranar kare kundi aka kawo wani farfesa daga wata jami'a. Mu goma sha tara ne a ranar, kuma yana son ya kama hanya kafin la'asar. Ya buɗe nawa daga baya, ya ce jerin littattafan da na duba ba su bi tsarin harafi ba. Ya buɗe taswira ya ce kibiyar da ke nuna arewa ta yi ƙanƙanta. Ya tambaye ni ko Rogo tana da nisa da Zariya. Shafi na talatin da biyu, inda shanun Kawu suke, bai kai kansa ba. Na ci da maki mai kyau. Nasiru ya fi ni da maki huɗu, farfesan ya yaba da yadda lambobinsa suka zauna daidai.

A watan nan kwalbar man shanu ba ta zo ba. Na je tasha na tambayi direban, ya ce ba a ba shi saƙo ba. Da na gama jarrabawar ƙarshe na kwashe kayana na koma Kafin Dafga, ina shiga gida na ga Inna ba ta yi guɗar da na zata ba. Ta bari na ci abinci, sannan ta kira ni ɗakinta ta ce ciwo ya shiga garken Kawu. Ciwon huhu ne, saniya ta yi ta tari tana ramewa har ta kwanta. Goma sha ɗaya sun tafi, kuma Wule tana cikinsu.

Na ce mata ciwon huhu cuta ce da ake ɗauka a mashaya, ba ruwanta da lissafi. Na ce ai na ji ya shiga wasu rugagen ma.

"Ya shiga," in ji Inna. "Rugar Ardo, da ta mutanen bakin rafi, da ta tsohuwar nan da ta ba ka nono. Duk inda aka gan ka da carbi."

Na buɗe baki in ce ai kusan duk rugagen yankin na zauna, don haka duk inda ciwon ya shiga dole a ce na je. Sai na ji yadda maganar za ta fito, na fasa. Ta ce kada in je jaje yanzu, in bari ƙura ta lafa. Ita kanta ba ta ce ni na jawo ba. Abin da ta ce shi ne, "Ko ba kai ba ne, da carbi ka yi."

Har yau ban yarda ƙirge yana kashe saniya ba, kuma ba na so ku yarda. Kawu ma bai taɓa faɗin haka ba, ko a gabana ko a bayan idona, na bincika. Mutanen ruga sun faɗa, shi bai faɗa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ci gaba da kirana Malam. Da na je bayan wata uku ya shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ya sa aka kawo mini fura a kwanon baƙi, ya tambayi lafiyar mutanen Kafin Dafga ɗaya bayan ɗaya, ya raka ni har bakin hanya. Bai ce in zo in ga maruƙa ba. Ranar aurena ya aiko da rago bai zo ba. Ranar sunan babbanku ya aiko da rago, ba karsana ba, kuma duk wanda ke wurin ya gane. Ni kuma na yi zuciya, na ce na ba da haƙuri sau biyu ya isa. Na samu aikin koyarwa, daga baya na koma ofis a Kano, na riƙa aika gaisuwa ta bakin Inna. Haka muka yi shekara goma sha huɗu. Na yi kewarsa ƙwarai, ban gaya wa kowa ba.

Abin da ya kawo shi gidana ciwon ido ne. Yana ce ta rufe masa ido biyu, aka ce sai an yi masa aiki a birni, kuma ba shi da kowa a Kano sai ni. Inna ce ta kawo shi. Manyanku za su tuna wani dogon tsoho da ya yi mako uku a ɗakin baƙi da auduga a ido, wanda ba ya cin abinci sai an tabbatar masa ba da man gyaɗa aka yi ba. Wata ranar Asabar da hantsi na shiga gaishe shi, muka gaisa kamar kullum, na yunƙura zan tashi.

"Malam, littafin nan da ka sa shanuna a ciki, yana nan?"

Na ce yana nan. Ya ce in ɗauko in karanta masa wurin. Na buɗe akwatin na zaro shi, na buɗe shafi na talatin da biyu, na fassara masa. Garke na ɗaya, bayan Jajaye, jimilla arba'in da bakwai. Shi ne mutum na farko da ya nemi jin abin da ke shafin tun da aka buga shi. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Dariya yake yi.

"Ba daidai ba ne. Saniyata Amare da 'yarta suna wurin Jauro a lokacin, na ba shi aro yana shan nono. Saye kuma tana kwance a bayan bukka da ciwon ƙafa, ba ta fita ba ranar. Ka sayar da ni, kuma ko cinikin ba ka iya ba."

Na ce, "Kawu, na tambaye ka, ka ƙi faɗa."

"Ka tambaye ni nawa ne. Ni ban san nawa ba, ba na kiwon nawa. Da ka ce, Kawu, kira mini su, da na kira maka su tun daga uwar garke har maraƙin da aka haifa a daren. Abin da ka yi da sunayen bayan ka koma ɗakinka, wannan ruwanka ne da malaminka."

Shekara huɗu na yi a jami'a, na yi kwana goma ina yawo da takarda, na yi mako biyu ina yaudarar mutane da carbi, kuma wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Na sha jin yana kiran su kowace safiya tun ina ɗan shekara biyar. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, sai na ce masa, "To kira mini su yanzu."

Ya gyara zama, ya jingina da bango, audugar tana idonsa. Ya fara da Fure, uwar garke, da wadda ta haife ta, da 'ya'yanta bi da bi. Ya bi su gida gida, yana faɗin launin kowace da halinta, wadda ke harbi in ana tatsa, wadda ba ta shan ruwa sai ta shiga har gwiwa. Dukansu sun daɗe da mutuwa ko an sayar, amma bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ina zaune na ji yatsuna sun fara motsi da kansu, sai na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu har ya gama. Da ya zo kan fara mai baƙin kunne ya ɗan tsaya.

"Wule," ya ce. "Taka ce wannan, Yaku."

Ya rasu bayan shekara biyu. Karsanar da aka kawo wa ƙaramarku daga Jajaye ranar sunanta, wadda kuka yi ta mamakin me ya sa ita kaɗai ta samu, daga wannan zaman ta fito. In wani cikinku ya buɗe kundin wata rana, ya sani lambar da ke shafi na talatin da biyu ba daidai ba ce. Na sha ɗaukar biro in gyara, sai in mayar da shi akwati yadda yake.